Likkafanin Tauraro: Samuwarsa, Ɓacewarsa, da Rabon Maraɗi a Bincikensa

Tsakure

Wannan takarda ta duba hazon da tauraro mai matsakaicin nauyi yake fitarwa a ƙarshen rayuwarsa, abin da Faransanci ke kira nébuleuse planétaire. Ta bi tarihin gano shi tun daga 1764, ta bayyana yadda yake samuwa da yadda yake ɓacewa, sannan ta tsaya a kan tambayar da masana ke ta kai da kawowa a kanta yau, wato abin da ya sa mafi yawan irin wannan hazo ba ya fitowa a dunƙule kamar ƙwallo. Takardar ta ba da shawarar a kira shi likkafanin tauraro da Hausa, ta kuma nuna da lissafi cewa sararin Maraɗi, Tibiri da Jiratawa ya isa a yi wani ɓangare na wannan bincike da ƙaramin madubin hangen nesa.

Gabatarwa



Wani daren watan Oktoba, bayan an gama yankan gero, na ɗauki madubin hangen nesa mai faɗin santimita 20 na fita da shi bayan Jiratawa, inda fitilun Maraɗi suka rage sai ɗan ja-ja a gefen arewa. Na saita shi yamma, kusa da tauraron nan mai haske da Larabawa ke kira Nasrul Waƙi'i, Turawa kuma Vega. Tsakanin wasu ƙananan taurari biyu da ke gefensa akwai wani abu da ido tsirara ba ya gani. Yara suka fara taruwa, sai ga wani dattijo ya dawo daga gona da fitila a hannu. Na roƙe shi ya kashe fitilar, ya jira idonsa ya saba da duhu, ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya ce, "Malam, wannan ai zoben hayaƙi ne. To wa ya hura wuta can?"

Na ce masa, "Baba, tauraro ne ya tsufa." Ya yi dariya ya tafi, ga alama bai gamsu ba, kuma yana da gaskiya, don amsar ta yi gajarta. Abin da ya gani shi ne M57, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara kusan 2,500 kafin ya faɗa idonsa a bakin gulbi. Tambayarsa kuwa ita ce ta sha kan masana fiye da shekara 150. Wannan takarda doguwar amsarta ce.

Sai na share wata ƙura tukuna. A ƙasar Hausa da an ce ilmin taurari, wasu sai su tuna da duba da bugun ƙasa. Abin da nake magana a kai awo ne da lissafi, irin wanda manomi ke yi in ya ga Kaza da ƴaƴanta ta ɓace ko ta fito, da irin wanda malamai ke yi da taurarin damina, su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, kowane da kwanakinsa. Bambancin kawai, su suna tambayar yaushe tauraro zai fito, mu muna tambayar da me aka yi shi.

Sunan da aka raɗa bisa kuskure

Bafaranshe Charles Messier ne ya fara ganin irin wannan abu a watan Yulin 1764. Shi farautar taurari masu wutsiya yake yi, kuma duk wani ɗan hazo da ya tsaya wuri ɗaya ɓata masa lokaci yake, shi ya sa ya riƙa rubuta su a jeri don kada su sake ruɗinsa. Na 27 a jerin, M27, shi ne likkafanin tauraro na farko da ɗan Adam ya rubuta. M57 ya biyo baya a 1779. Abin da Messier ya tara a matsayin shara shi ne yau ɗalibai ke fara koyon sama da shi.

William Herschel, wanda ya gano duniyar Uranus daga Ingila a 1781, ya ci karo da wasu da yawa. A madubinsa sun fito ƴan kewayayyu, kore-kore, kamar dai duniyar da ya gano, sai aka laƙaba musu sunan hazo mai kama da duniyoyi. Sunan ya zauna har yau ko da yake babu abin da ya haɗa su da duniyoyin da ke kewaya rana. Herschel kansa ya fara shakka a 1790, da ya ga NGC 1514, tauraro guda a tsakiya, hazo ya lulluɓe shi.

Mu da muke son koyar da wannan ilmi da Hausa, babu dalilin da zai sa mu gaji kuskuren wasu. Wanda ya fassara sunan kalma da kalma zai ɓata rabin darasi yana warware abin da ya ƙulla da kansa. Na auna kalmomi biyu. Ta farko saɓa, irin ta maciji, kuma tana da ƙarfi, domin tauraron fatarsa ta waje yake tuɓewa ya bar ta. Matsalarta, maciji in ya yi saɓa sabuwar rayuwa yake shiga, tauraron nan kuwa wutarsa ta ƙare ke nan. Ta biyu likkafani. Wani zai ce ai likkafani wasu ke yi wa mamaci, wannan ko tauraron da kansa ya saƙa abinsa. Na yarda, amma kalmar ta faɗi abu mafi muhimmanci, cewa ƙarshe ne ya zo, kuma akwai gawa a ciki. Da ita zan ci gaba.

Koren hasken da ya ƙi ganuwa

Har tsakiyar ƙarni na 19 ana gardama ko waɗannan abubuwa tarin taurari ne da nisa ya haɗe su, ko kuwa iska ce mai haske. William Huggins ya raba gardamar ranar 29 ga Agustan 1864, daga gidansa a Landan. Ya haɗa madubinsa da na'urar da ke tsefe haske, wadda ke baje shi launi-launi kamar bakan gizo, ya auna NGC 6543 da ake kira Idon Kyanwa. Hasken tauraro in an tsefe shi cikakken baka yake bayarwa daga ja zuwa shuɗi. Wannan kuwa ƴan siraran layuka ya bayar, sauran wurin duhu. Haka iska mai zafi take yi, don haka magana ta ƙare.

Sai wata ta taso. Kowane sinadari yana da layukansa, kamar yadda zane a fuska ke nuna Bagobiri ko Bakatsine. Layin da ya fi haske a nan kore ne, a tsawon nanomita 500.7, kuma babu wani sinadari a ɗakin gwaji da ke da wannan zane. Aka ce sabon sinadari ne, aka raɗa masa suna nebulium. Ba wauta suka yi ba. An ga alamar hiliyam a hasken rana a 1868, ba a same shi a doron ƙasa ba sai 1895, saboda haka wanda ya jira nebulium yana da hujjar jira.

Shekara 63 ana jira. A 1927 Ira Bowen, a Kalifoniya ta Amurka, ya nuna cewa baƙon nan ɗan gida ne, iskar oksijin ce wadda aka fizge wa ilektiron biyu. Ga yadda abin yake. In wani ilektiron ya bangaji wannan ƙwayar zarra, takan hau wani mataki inda take buƙatar fiye da rabin minti ba a taɓa ta ba kafin ta saki koren haske. A iskar da muke shaƙa, ƙwayoyi suna karo da juna sau biliyoyi cikin daƙiƙa guda, don haka kafin ta saki hasken an riga an ture ta. A cikin likkafanin tauraro kuwa, ɗan akwati mai santimita ɗaya ta kowane gefe yana ɗauke da ƙwayoyi ɗari zuwa ƴan dubbai kacal, alhali a iskar ɗaki adadin ya kai biliyan sau biliyan har ashirin da biyar. Can ƙwayar na samun sukunin da ba ta samu a nan. Zoben da dattijon Jiratawa ya ɗauka hayaƙi ne ya fi kusan duk wani fanko da injinmu ke iya zuƙewa zama fanko. Girmansa ne ya sa ake ganinsa.

Tsufan tauraro

Masanin Tarayyar Sobiyet Iosif Shklovsky ne, a 1956, ya haɗa zaren: jan ƙaton tauraro ne ke zama likkafani, abin da ya rage a tsakiya kuma ya zama farin wada. Taurarin da ke bin wannan hanya su ne masu nauyi daga kusan na rana zuwa ninki takwas nata. Waɗanda suka fi haka fashewa suke yi, labarinsu daban ne.

Tauraro kokawa ce tsakanin abu biyu. Nauyinsa yana danna shi ciki, zafin cibiyarsa yana tura shi waje. A cibiyar rana, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, haidurojin yana narkewa ya zama hiliyam, tan miliyan 600 kowace daƙiƙa. Rana ta yi shekara biliyan 4.6 a haka, saura mata kamar biliyan biyar. In haidurojin na cibiya ya ƙare, cibiyar ta tsuke ta ƙara zafi, jikin waje kuma ya kumbura ya huce ya yi ja. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san wannan karatun. Ƙarfe in ya fara jin wuta ja yake yi, in ɗan zuga ya dage da zuga-zugi ya koma ruwan ɗorawa, daga nan ya yi fari. Jan ƙato, mai zafin fata kamar digiri 3,000, shi ne ƙarfen da ya fara hucewa. In cibiya ta kai digiri miliyan 100, hiliyam ma ya kama, ya haifar da kabon da oksijin.

Mataki na ƙarshe shi ya fi shafarmu. Cibiyar kabon da oksijin ta mutu, ba ta da nauyin da zai sa ta sake kamawa. Wuta ta rage a ɓawo biyu da ke kewaye da ita, na hiliyam a ciki, na haidurojin a waje. Ɓawon hiliyam ba ya ci a natse, sai ya yi shiru na dubban shekaru sannan ya tashi fuu, kuma kowane tashi yana kwaso kabon daga ƙasa ya kai shi sama, kamar mai tuƙin tuwo da ke juyo na gindin tukunya. Tauraron ya kumbura har ya kai ninki ɗaruruwa na faɗin rana, yana numfashi, yana kumbura yana saɓewa. A can gefensa iska ta huce har ƙura ta fara daskarewa, hasken tauraron ya tura ƙurar, ƙurar ta ja iska ta tafi da ita. Gudun wannan iska bai wuce kilomita 10 zuwa 15 a daƙiƙa ba, amma tana da kauri. A ƙarshe-ƙarshe tauraro yana iya zubar da nauyin rana guda cikin shekara 10,000.

Da rigar ta kusa ƙarewa, cibiyar ta fara bayyana. Sun Kwok da abokansa Purton da FitzGerald, a Kanada, sun bayyana a 1978 abin da ke biyo baya. Cibiyar da aka tsiraita tana fitar da wata iska siririya mai gudun fiye da kilomita 1,000 a daƙiƙa. Wannan ta cim ma tsohuwar iskar nan mai nawa, ta tura ta gaba ta tara ta, kamar yadda mai shara ke tura ƙaiƙayi a masussuka har ya yi kunya a gefe, tsakiya ta zama fili. In zafin fatar cibiyar ya kai wajen digiri 30,000, haskenta na ultrabayolet ya fizge ilektiron daga ƙwayoyin da aka tara, iskar ta ɗauki zafin digiri 10,000, ta fara haske. Wutar da Baba ya tambaya ke nan, kuma gawar da ke tsakiya ce ta hura ta.

Ana iya ƙidaya shekarunsa da alli. Ɗauki likkafani mai faɗin tafiyar haske ta shekara guda, wato kilomita tiriliyan 9.5. Daga tsakiya zuwa baki rabin haka ne. In yana buɗewa da gudun kilomita 25 a daƙiƙa, raba nisan da gudun, za ka samu shekara kusan 6,000. Bayan shekara 20,000 ko ɗan fiye, ya bazu ya yi siriri, cibiyar ma ta dushe, shi ke nan ya ɓace. In aka kwatanta rayuwar rana da ta mutum mai shekara 70, likkafanin bai wuce awa ɗaya da ƴan mintoci ba. Duk da haka an san sama da 3,000 a garken taurarinmu, saboda yawan masu mutuwar. Abin da ya rage shi ne farin wada, nauyin fiye da rabin rana a dunƙule cikin girman duniyarmu, yana hucewa har abin da Allah ya yi.

Wani lokaci abin yana sauri har mutum ya gani da ransa. A 1996 wani Bajapane mai kallon sama don sha'awa, Yukio Sakurai, ya ga tauraron tsakiyar wani tsohon likkafani ya farfaɗo ya sake kumbura, ɓawon hiliyam ɗinsa ya yi tashin ƙarshe bayan an ɗauka ya mutu. Hotunan da madubin Hubble ya ɗauka na Hen 3-1357 a 1996 da 2016 kuma sun nuna ya dushe ƙwarai cikin shekara 20 kacal.

Ina aka samo siffar?

A nan ne gizo ke saƙa. Tauraro dunƙulalle ne, iskar da yake fitarwa ya kamata ta tafi ko'ina daidai, likkafanin ya fito kamar ƙwallo. Amma hotunan Hubble, wanda aka harba a 1990, sun tabbatar da cewa kusan huɗu cikin biyar ba haka suke ba. Wasu kamar ƙwai, wasu kamar kalangu mai tsukakken ƙugu, wasu kamar malam-buɗe-littafi, irin NGC 6302, wasu kuma suna feso siraran igiyoyin iska ta gefe biyu. M57 ma da muke gani zobe, ta bakinsa muke leƙa shi.

An daɗe ana ɗora alhakin a kan juyawar tauraron da maganaɗisunsa. Lissafin da Noam Soker da wasu suka yi wajen 2006 ya raunana wannan ra'ayi, don jan ƙato in shi kaɗai ne juyawarsa ta yi sanyi, maganaɗisun kuma shi da kansa yake ƙara taka masa birki. Sai hankali ya koma kan abokin zama. Taurari da yawa tagwaye ne, suna kewaya juna. In ɗaya ya kumbura har ya haɗiye ɗan uwansa, ƙaramin ya ci gaba da kewayawa a cikin rigar babban, yana burga ta kamar maburgi a tukunyar miya. Yana burgawa yana matsowa ciki, rigar kuma tana watsewa ta gefen da yake juyawa. Ta haka ake samun ɗamara mai kauri a ƙugu. In iska mai sauri ta taso daga baya, ɗamarar ta tare ta, sai ta fita ta sama da ƙasa, ga kalangu ya fito.

Hujjoji sun taru. A 1978 Howard Bond da abokansa suka nuna cewa tauraron tsakiyar Abell 63, mai suna UU Sagittae, tagwaye ne da ke kewaya juna cikin awa 11 da ƴan mintoci, kusancin da ba zai yiwu ba sai in ɗaya ya taɓa zama a cikin ɗaya. A 2009 Brent Miszalski ya tace bayanan shirin OGLE na ƴan Folan, wanda madubinsa da ke Cile bai wuce mita 1.3 ba, ya samu cewa tsakanin kashi 12 da 21 cikin ɗari na taurarin tsakiya irin waɗannan tagwaye ne na kurkusa. A 2012 Henri Boffin ya nuna cewa igiyoyin da suka lanƙwashe a Fleming 1 aikin tagwaye ne masu kewayen kwana ɗaya da ƴan awoyi. Wadda ta fi gamsar da ni ita ce ta Todd Hillwig a 2016. Ya ɗauki likkafanai takwas da aka san karkatar ƙugunsu aka kuma san karkatar kewayen tagwayensu, ya tarar duka takwas sun dace da juna. Yiwuwar a ce dace ne kawai bai kai ɗaya cikin miliyan ba. Sannan madubin James Webb, a hotunansa na farko da aka fitar ranar 12 ga Yulin 2022, ya nuna NGC 3132, kuma ayarin da Orsola De Marco ta jagoranta ya karanta a zanen hazon sawun taurari huɗu ko biyar.

Ra'ayina shi ne abokin zama ne ke sassaƙa siffofin da suka fi tsukewa, wannan ya tabbata. Inda nake ja da baya shi ne wurin masu cewa tauraro tilo ba ya yin likkafanin da za a gani sam. Kashi ɗaya cikin biyar ba duka ba ne, ko da an ƙara da tagwayen nesa da ke da wuyar kamawa. Kuma binciken Gesicki, Zijlstra da Miller Bertolami na 2018 ya nuna cewa cibiyar tauraro tana zafafa da sauri fiye da yadda aka zata, har rana ma, wadda ba ta da tagwai, za ta iya barin ɗan likkafani marar ƙarfi. Abin da zai yanke hukunci ƙidaya ce, a bi taurarin tsakiya ɗaya bayan ɗaya, dare bayan dare, a ga wane ne haskensa ke hawa da sauka.

Gādon da mamacin ya bari

Zan taƙaita a nan. Abin da tauraron ya zubar yana gauraya da hazon sama, daga ciki a sake gina wasu taurari da duniyoyi. Kaso mai yawa na kabon da naiturojin da ke duniyar nan ta wannan hanya ya zo. Naiturojin ɗin da ke cikin buhun takin da manomin Jiratawa ke zuba wa albasa da masararsa daga iska aka tatso shi, iskar kuma ta gaje shi daga taurarin da suka mutu kafin a yi rana. A 2010 Jan Cami ya gano dunƙulen kabon mai ƙwaya 60 a likkafanin Tc 1, a 2019 kuma aka kama haɗin hiliyam da haidurojin a NGC 7027, wanda ake ganin shi ne haɗin sinadari na farko a tarihin halitta.

Sararin Maraɗi

Maraɗi tana kan digiri 13.5 arewa da tsakiyar duniya. Daga wannan lamba kaɗai ana iya fitar da tsayin da kowane abu zai kai a samanmu. UU Sagittae yana wucewa digiri uku da rabi kacal daga tsakar ka. M27 yana kai digiri 81, M57 kusan 70, likkafanin Helix, wanda ke cikin mafi kusa da mu a nisan shekarar haske 650, yana kai 56. NGC 6302 yana kai 39, NGC 3132 na James Webb 36, Idon Kyanwa na Huggins 37 ta arewa. A Paris, Helix bai wuce digiri 20 ba, NGC 3132 kuwa da ƙyar yake leƙo bakin ƙasa. Tsakiyar garken taurarinmu, inda likkafanai suka fi cunkoso, tana hawa digiri 47 a nan. A lissafi, fiye da kashi 98 cikin ɗari na sama yana fito mana a tsawon shekara.

Kada in yi tallar da ta wuce kaya. Maraɗi ba ta kai mita 400 bisa teku ba, ba wurin kafa babban madubi ba ce. In Nijar za ta yi irin wannan, duwatsun Abzin ne wurinsa, inda Bagzan ya haura mita 2,000. Damina tana rufe mana M57 da M27 daidai lokacin da suka fi hawa da almuru, Yuli zuwa Satumba. Daga Disamba kuma buji da hazon hunturu suna dusashe sama, ƙura ta kwanta kan madubi. Lokacinmu na zinariya shi ne kaka, daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, ruwa ya wanke iska, ƙura ba ta taso ba. Fitilun birni ma suna ƙaruwa, shi ya sa nake ganin bayan Tibiri ko kudancin Jiratawa sun fi harabar jami'a dacewa, ga su kusa, a je bayan magariba a dawo da asuba.

Aikin ƙidayar tagwaye bai buƙatar ƙaton madubi. UU Sagittae in ɗan uwansa ya gifta gabansa haskensa yana raguwa ninki gommai, abin da madubi mai santimita 40 da kyamara mai kyau zai kama. Masu kallon sama don sha'awa a Faransa, ƙarƙashin Pascal Le Dû, sun wallafa a 2022 sababbin likkafanai kimanin 200 da suka gano suka kuma tabbatar da ƙananan kayan aiki. Bayanan madubai na sararin samaniya, Gaia da TESS da Hubble, kuwa a buɗe suke a intanet kyauta, ɗalibin da ke da kwamfuta da lissafi zai iya fara tace su gobe, ko ana ruwa ko ana ƙura.

Maƙwabta sun riga sun motsa. Maroko tana da wurin kallon taurari a Ukaimeden, Masar a Kattamiya, Habasha a Entoto, Afirka ta Kudu tana da madubin SALT tun 2005, Nijeriya tana da cibiyar nazarin sararin samaniya a Nsukka, kuma Wagadugu ta karɓi taron ƙungiyar masana taurari ta duniya a Disamban 2010. Mu ma ba baƙi ba ne a fagen. Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da falaki da ya rasu a Alƙahira a 1741, ɗan masarautar da gidan sarautarta ya dawo Maraɗi ne. Jami'ar garin nan tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, malamin kimiyya.

Roƙona ga shugabannin jami'a da sashen kimiyyar fizik abu uku ne, kuma na farko ba ya cin ko dala. A sa ɗalibai biyu su riƙa rubuta yanayin sama kowane dare, a Tibiri da Jiratawa, har shekara biyu, don duk wanda za mu nemi haɗin gwiwa da shi wannan littafin zai fara tambaya. A ba ɗaliban digiri na biyu batun tace hasken taurarin tsakiya daga bayanan TESS. Sannan a sayi madubi mai santimita 40 da kyamararsa da faifan sola, wanda kuɗinsa bai kai na motar ofis guda ba, kuma zai yi wa masu duban jinjirin watan azumi amfani. In ya iso, a fara kai shi Jiratawa a watan Oktoba, a kira mutanen gari su leƙa.